Faɗaɗa hanya da sake gadoji a fadamar Argungu: me zai sami Matan Fada?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mutumin Argungu ne, gidanmu gidan su ne, kodayake ni yanzu shinkafa nake nomawa a fadama. Babbar hanyarmu ta yi wa motoci kaɗan, tireloli da tifofi da 'yan kabu-kabu da amalanke duk a wuri ɗaya, gadoji da kwalbatoci kuma sun tsufa. Kullum a majalisa maganar ke nan, ya kamata gwamnati ta faɗaɗa ta, ta rushe tsofaffin gadojin ta yi sababbi. Ni ma ina so. Amma mahaifina ya ce duk ranar da katafila ta shiga fadama, Matan Fada, ruwan da ake bikin kamun kifi a cikinsa, ta gama yawo. Shin gaskiya ne? Za a iya wannan aiki ba tare da an kashe ruwan da aka yi shekara da shekaru ana tsaronsa ba? In za a iya, me ya kamata mu nema tun kafin a fara?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Tambayarka biyu ce a dunƙule: ko faɗaɗa hanya da sake gada na iya cutar da ruwan da ake tsaro, da kuma abin da mutanen gari za su riƙe a hannu kafin aiki ya kankama. Ta farkon amsarta e, yana iya cutarwa, sosai ma. Amma ba ta inda mutane suka fi zato ba. Faɗin kwalta bai dami gulbi ba, sabuwar gada ma sau da yawa ta fi tsohuwa sakar wa ruwa hanya. Abin da ke kashe ruwa shi ne cikon ƙasar da ake ɗora hanyar a kai idan za ta ratsa fadama, da yawan kafofin da aka bar wa ruwa a jikin cikon, da girmansu. Saboda haka Baba ya yi gaskiya da ya ji tsoron katafila, sai dai ni tsorona ya fi karkata ga alƙalamin wanda ya zana aikin.

Abin da ake tsaro, da abin da ba a tsaro

Bari mu fara da matsayin ruwan kansa, domin akwai ruɗani a nan. Bikin kamun kifi na Argungu a sigarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wadda ta zama alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta saka bikin a jerin al'adun duniya da ake gado. Mutane da yawa sun ɗauka wannan rajista ta zama katanga ga gulbin. Ba haka ba ne. Bikin aka rubuta, da saninsa da al'adunsa, ba ƙasa ko ruwa ba, kuma takardar ba ta da ikon tsayar da ɗan kwangila. Ainihin tsaron Matan Fada na gargajiya ne: masarauta ta hana kamun kifi a wurin sai ranar biki, Sarkin Ruwa da mutanensa suna sa ido, jama'a kuma suna jin nauyin hanin. Wannan tsari ya yi aiki, ya kuma cancanci girmamawa. Amma tsari ne da aka gina don hana mai homa da mai taru. Ba a gina shi don ya tunkari tifa ɗari na jar ƙasa da aka zube kilomita biyar daga wurin ba.

Dalilin da ya sa nisan ba ya ceton wurin, ku masunta kun fi ni saninsa. Kifin da ake fitarwa ranar biki ba a Matan Fada aka haife shi duka ba. Idan ruwa ya fara hauhawa da damina, tarwaɗa da ƙarfasa da sauransu sukan bar tsakiyar gulbi su bi ƙananan rassa su fantsama cikin fadama, can cikin ciyawa suke zuba ƙwai, can 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. Idan ruwa ya fara janyewa da kaka, sai su biyo shi su dawo gurbi mai zurfi, manya irin giwan ruwa kuma su sami abin ci. Ma'ana, wurin da aka hana su ma'ajiya ce kawai, gidan haihuwar yana fadama. In aka yanke 'yan rassan nan da ke haɗa su, Sarkin Ruwa zai ci gaba da tsaron ruwa, amma abin da ke cikinsa zai riƙa raguwa shekara bayan shekara, ba tare da kowa ya iya nuna ranar da ɓarnar ta faru ba.

Wannan ba hasashe ba ne a ƙasar nan tamu. Bayan an gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, noman fadama da su suka ja baya a garuruwa da dama. Goronyo a kan gulbin Rima ta biyo baya a farkon shekarun 1980. Ruwan da ke wucewa ta Argungu zuwa Birnin Kebbi yau ruwa ne da tuni aka sa masa linzami daga sama. Duk wani sabon shinge da za a ƙara masa, a kan tsohon rauni zai sauka.

Hanya a fadama madatsa ce

A kan tudu, hanya shimfiɗa ce. A fadama dole a ɗaga ta sama da inda ruwa ke kaiwa, sai a zuba ciko mita biyu, uku, wani wurin fiye, a daddanne, a ɗora kwalta. Da zarar an yi haka an gina madatsa, ko an so ko ba a so ba. Bambancinta da Goronyo shi ne ita ba ta da ƙofar da ake buɗewa da rufewa, kafofinta su ne gadoji da kwalbatoci, kuma yadda aka yi su ranar farko haka za su zauna.

To ga inda kuɗi ke shigowa. Mita ɗaya na gada ya ninka mita ɗaya na ciko tsada sau da yawa, domin gada na cin rodi da siminti da tsakuwa da turakun da ake kafawa can ƙarƙashin ƙasa. Duk mai son rage kuɗin aiki, wurin da idonsa ke fara faɗawa shi ne tsawon gada. Sai a auna gulbi da rani, lokacin da ya koma ɗan siriri, a yi gada daidai bakinsa, sauran fadamar mai faɗin kilomitoci a cike ta da ƙasa, a jefa 'yan bututun kankare nan da can. A takarda an yi tsimi. Ranar da marka ta sauka, aka kuma saki ruwa daga sama, ruwan da ya saba bazuwa a fili mai faɗi sai ya tarar da ƙofa ɗaya.

Abu uku ke biyo baya, kuma kowanne na da wanda yake ci. A gefen da ruwa ke fitowa, yakan taru ya yi tsayi ya daɗe bai janye ba, shinkafa ta nutse, gonar da a da ruwa ke kwana goma a cikinta ta koma tana riƙe shi wata biyu. A ɗaya gefen, bayan cikon, fadama takan bushe: laka mai taki ba ta isowa, tafkuna ba sa cika, ruwan ƙarƙashin ƙasa da ku masu noman rani kuke zuƙowa da 'yan rijiyoyin burtsatse yana yin ƙasa. Na uku yana faruwa a ƙarƙashin gadar kanta. Kai mai ban-ruwa ne, ka san abin da ke faruwa idan ka danne rabin bakin tiyo da yatsa: ruwan bai ragu ba, gudu ya ƙara, ya haƙe ƙasar da ya sauka a kai. Haka ruwan da aka matse yake kwashe yashin da ke gindin ginshiƙan gada, yana rarake su a ɓoye. Wannan rarakar ita ce babbar mai kayar da gadojin kan ruwa a duniya, ta fi nauyin mota kisa. Kuma mugun halinta shi ne, idan ruwa ya janye ramin yakan sake cika da yashi mai laushi, mai duba gada ya zo da rani ya ga komai lafiya lau.

Wanda ya ga Satumbar 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Ambaliyar shekarar ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta kuma yi ɓarna mai yawa a Kebbi. An sake gani a 2012, sannan a 2020 ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar. Cikin shekara goma, manyan ruwa uku.

A nan akwai wata magana ta injiniyoyi da ke yaudarar mutane. Za ka ji an ce an zana gada don ta jure "ambaliyar shekara 100". Ba ana nufin sai bayan shekara ɗari za ta zo ba. Ana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. In ka lissafa a kan shekara 50 na rayuwar gada, yiwuwar ta gamu da irin wannan ruwa aƙalla sau ɗaya ta kusa kashi 40 cikin 100. In kuwa da ma'aunin shekara 25 aka yi aikin, kamar yadda ake yi wa ƙananan kwalbatoci, to kusan tabbas ne ruwa zai fi ƙarfinsa tun waɗanda suka yi bikin buɗewa suna raye. Saboda haka tambayar farko da za ku yi wa duk wanda ya zo da zane ita ce: da wane ruwa kuka auna, kuma daga ina kuka samo tsayinsa?

Kwalbati ma yana da nasa sharrin da ba a cika lura da shi ba. Na sha tsayawa a bakin kwalbatin da aka ɗora gindinsa sama da ƙasan rafi, ko kuma ruwa ya cinye ƙasar da ke mafitarsa har ya zama yana zubowa daga sama kamar indararo. A idon direba wannan kwalbati lafiyayye ne, ruwa na wucewa. Amma ka duba ƙasan mafitar da farkon damina, za ka ga ƙananan kifi sun yi cincirindo suna ta tsalle suna faɗowa, yara na kwasa da kwando. Tsayin da bai kai kamu biyu ba ya isa ya raba kifi da inda zai hayayyafa. Maganinsa ba tsada gare shi ba: a yi kwalbati mai kusurwa huɗu mai faɗi maimakon bututu, a nutsar da gindinsa ƙasa da ƙasan rafin kaɗan yadda yashi da laka za su shimfiɗu a ciki, a jera duwatsu a mafita. Sai dai in ba a zana shi haka ba, ba mai yi.

Shin dole ne ma a faɗaɗa ko'ina?

Ra'ayina, ba dole ba ne, kuma a nan nakan saɓa da 'yan majalisa irin taku. Hanyar tarayya mai hannu biyu faɗin kwaltarta mita 7.3 ne, kowane hannu mita 3.65, sai kafaɗa a kowane gefe. Irin wannan hanya, in tana da lafiya, tana ɗaukar motoci da yawa fiye da yadda ake zato. Abin da ke shaƙe hanyoyinmu galibi ba ƙarancin faɗi ba ne a daji. Cikin gari ne: kafaɗa ta cinye, tirela ta tsaya a kan kwalta ana lodin shinkafa, ranar kasuwa 'yan tireda sun hau titi, tasha ta malalo waje. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017, manyan motoci sun ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma maganin tirelar da ta tsaya shi ne wurin tsayawa, ba tagwayen hanya ba.

Don haka in ni aka tambaya, sai in ce a raba aikin gida-gida. Cikin gari da bakin kasuwa a faɗaɗa sosai, a yi magudanai da wurin tsayawar manyan motoci da gefen masu babur da masu ƙafa. A kan tudu a yi yadda kuɗi ya ba da hali. Amma inda hanya ta ratsa fadama, a taƙaita faɗin ciko gwargwadon iko, kuɗin da aka rage a mayar da shi tsawon gada da ƙarin kafofi. In kuwa lallai sai an yi tagwaye, a jingina sabon hannun da tsohon, a gefe ɗaya, kada a buɗe sabon layi. Mafi munin zaɓi shi ne hanyar kewaye gari da za a bi da ita ta cikin fadama don gudun biyan diyyar gidaje. Ana son ta domin fadama ba ta da katanga da za a rusa, amma ita ce ke kafa sabuwar madatsa a inda babu ita a da. Kewaye in za a yi, ta tudu.

Sake gada kuwa, hanyar da ta fi sauƙin illa ita ce a gina sabuwa kusa da tsohuwa, motoci su ci gaba da bin tsohuwar har a gama. Wannan na hana a zuba hanyar wucin gadi a cikin gulbi. Sabuwar ta fi tsohuwar tsawo da tsayi, ginshiƙanta su yi ƙaranci, tazararsu ta yi faɗi, a bar sarari tsakanin ruwa mafi tsayi da cikin gadar yadda itace da ciyawar da ruwa ya ɗauko za su wuce, mai kwalekwale ma ya wuce. Wasu kan so a bar tsohuwar don dabbobi da masu ƙafa, kuma shawara ce mai kyau idan ƙafafunta na da lafiya. Sharaɗi ɗaya: ginshiƙan sabuwa su yi layi da na tsohuwa. In suka saɓa, sun zama rariya, duk abin da ruwa ya kwaso a nan zai maƙale. In kuma rushewa za a yi, a yanka ta gunduwa-gunduwa a ɗauke, a cire kututturen har ƙasa. Na ga inda aka farfasa tsohuwar gada aka bar ɓaraguzan a ruwa, rodi a tsaye kamar ƙaya, yana yaga taru yana fasa jirgi.

Ba zan ce maka gadarku mita kaza za ta zama ba. Wannan sai an auna faɗin fadamar a wurin, an haƙa an ga irin ƙasar da ke ƙasa, an duba bayanan ruwa na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da na hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Duk wanda ya yanke maka tsawon gada daga ofis bai taka wurin ba, ka yi taka-tsantsan da maganarsa.

Shekarun da ake aikin

Ɓarnar zane ta dindindin ce, ɓarnar lokacin aiki kuwa ta ɗan lokaci ce, amma ita ido ke gani, ita ce kuma ke haddasa rigima. Aikin cikin ruwa da rani ake yinsa, daga bayan kaka zuwa kafin saukar damina. To bikinku ma a tsakiyar wannan lokaci yake faɗowa, wajen Fabrairu ko Maris. Dole tun farko a zauna da masarauta a ware makonnin da ba za a taɓa ruwa ba a sama da Matan Fada, ba ranakun biki kaɗai ba, har da makonnin da ke gabansa, domin ruwan da aka dama da laka da ƙarar buga turaku suna korar kifi.

Abin da na fi jin tsoro a wurin aiki shi ne ruwan wankin siminti. Direban motar kwaɓa kankare ya sauke kaya, ya gangara bakin gulbi ya wanke tulun motarsa, minti goma ya tafi. Ruwan nan fari-fari da ya malala kaifinsa kamar na ruwan toka mai ƙarfi ne, yana ƙona inda kifi ke numfashi da shi, kuma da rani ruwan gulbin ba shi da yawan da zai surka shi. Sai baƙin mai da man gas daga sansanin ma'aikata. Sansani, wurin gyaran injuna da wurin dafa kwalta duk a kai su tudu, nesa da inda ambaliya ke kaiwa, a haƙa rami na musamman don wanke motocin kankare.

Sai yashi. Aikin hanya na cin yashi kamar me, kuma mafi kusa shi ne na gulbin da ake aiki a kai. In aka bari tifofi suka riƙa ɗiba kusa da gada, ƙasan gulbin zai zurfafa, ramin ya riƙa tafiya baya-baya har ya iso gindin gadar da ake ginawa. Wannan ba ɗan kwangila kaɗai ke yi ba, mutanen gari ma suna yi bayan ya tafi, a nan kuwa hanin sarauta zai fi na gwamnati tasiri. Ramukan da ake ɗibar jar ƙasa su ma a san inda za a haƙa su da yadda za a bar su, domin kududdufi mai miƙaƙƙen baki kusa da gari kowa ya san abin da yake yi wa yara da damina.

In kuwa ba makawa sai an zuba hanyar wucin gadi a cikin ruwa don injuna su shiga, to a rubuta ranar kwashe ta, kafin ruwan farko. Wannan ita ce aka fi mantawa da ita. Kuɗi ya tsaya, ɗan kwangila ya janye kayansa, cikon ya kwana a gulbi damina biyu, uku, ruwa ya gaji ya fasa wa kansa sabuwar hanya ta gonar wani. A ƙasar nan, aikin da aka yi watsi da shi rabi ya fi wanda aka gama cutar da ruwa, shi ya sa nake ganin gara a ɗauki gada ɗaya a gama ta da a buɗe biyar lokaci guda.

Abin da doka ta ba ku

Akwai dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992, kuma gina babbar hanyar ƙasa na cikin ayyukan da ta wajabta wa wannan bincike. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke amincewa da rahoton, ana kuma baje shi ga jama'a na kwanakin aiki 21, galibi har a sakatariyar ƙaramar hukuma, don kowa ya karanta ya rubuta ƙorafi. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana cikin masu sa ido kan bin ƙa'idojin muhalli. A aikace rahoton kan zo da Turanci, kauri kamar bulo, ya yi kwanakinsa a kan tebur ba wanda ya buɗe. Kada ku bari haka ta faru. Ku sami ɗanku mai karatun injiniya ko na kimiyyar ruwa ya zauna da shi, ya nemi babin ruwa, ya ga ko an ambaci rassan fadama da sunayensu, ko kuwa an kwafo bayanin wani gari ne aka sauya suna. Ku rubuta amsa, ƙungiyar masunta da ta manoman shinkafa su sa hannu, a bi ta fada. Ƙorafin da ya zo bayan an zuba ciko ihu ne bayan hari.

Batun diyya kuma gara ku san gaskiyarsa tun yanzu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke kan filin ce: gini, amfanin gona, itatuwa. Mai shago a bakin titi za a auna shagonsa, kodayake wanda ya yi gini cikin mita 45.72 daga tsakiyar hanyar tarayya yana cikin filin hanya ne, hujjarsa ba ta da ƙarfi. Amma masunci da kamunsa ya ragu, ko manomin da gonarsa ke nesa da titi amma ruwa ya daina isa gare ta, ba su da layi a wannan lissafi. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu sukan tilasta a duba asarar sana'a, na kasafin gwamnati zalla ba kasafai ba. Wannan ya sa nake cewa masunci kada ya sa ransa a diyya, ya sa ƙarfinsa a kan zane.

Ga kuma abin da aiki ya koya mini game da alkawari. Ɗan kwangila ba ya aiki da jawabin ranar ƙaddamarwa, ba ya ma aiki da rahoton muhalli. Yana aiki da jadawalin da aka jera kowane aiki da adadinsa da farashinsa, domin da shi ake biyansa. Kwalbatin da ke cikin jadawalin za a gina shi. Kwashe cikon wucin gadi, in an sa masa kuɗi, za a kwashe. Abin da aka faɗa da baki a gaban Sarki aka tafa, in bai shiga wannan takarda ba, sai dai a yi ta zarya. Tun ran gini, tun ran zane. Don haka duk abin da kuka nema, ku bi shi har ku ga lambarsa a jadawalin: yawan kafofi da girman kowace, duwatsun kare gindin gada, mashigar dabbobi a inda burtali ya ratsa hanya, matakalar sauka ruwa ga masu wanki da masu jirgi, da ramukan tace ruwan titi kafin ya zuba a gulbi. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci a kusa da Matan Fada, saboda ranar da tankar mai ta kife a kan gada, magudanar da ke zuba kai tsaye cikin ruwa ba ta ba kowa lokacin yin komai.

Wani abu da ba ya cikin tambayarka amma zai zo: sabuwar hanya gudu take kawowa, kuma lodi fiye da kima ke kashe ta. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, in nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin mugunta ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. In ba ma'auni, bayan 'yan shekaru za a dawo gyara, injuna su sake sauka fadama.

Akwai aikin da za ku iya farawa a wannan ranin, ko da maganar hanyar ba ta wuce majalisa ba. Ka ɗauki Baba da sa'o'insa biyu ko uku, da wani daga gidan Sarkin Ruwa, ku bi hanyar a ƙafa daga inda ta shiga fadama zuwa inda ta fita. Duk inda ruwa ke tsallakawa da damina, ko da yanzu busasshe ne ƙayau, ku tsaya su faɗi sunansa, da watan da yake kawowa, da tafkin da yake cikawa, da kifin da ke binsa. Ku nemi alamar inda ruwan 2010 da na 2012 da na 2020 ya kai, a jikin bango ko ginshiƙin gada ko kututturen itace, ku shafa fenti ku rubuta shekarar, ku ɗauki hoto da waya mai nuna wuri. Safiyo, wato mai awon ƙasa, da rani yake zuwa, kuma abin da ya gani a ranar shi yake sa wa a taswira. Rafin da ba shi da ruwa a watan Maris ba zai shiga zanensa ba sai wani ya kama hannunsa ya nuna masa. Ku yi kwafi uku na abin da kuka tara, ɗaya a fada, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a miƙa wa injiniyan da zai zana aikin, ya sa hannu cewa ya karɓa.